Matakalar Mis Ismay

A ƙauyenmu idan aka ce wa yaro "za ka hau matakala," ba ya tambayar ta wane gida. Duk gidajenmu a kan ginshiƙai suke tsaye saboda ruwa, kowanne da matakalarsa, amma guda ɗaya ce take tsorata ɗan shekara goma sha shida, ita ce ta Mis Ismay Fordyce, wadda take koyar da Turanci a ƙarƙashin gidanta.

Ta yi aikin malanta a sakandaren gwamnati har furfura ta kama ta. Da ta ajiye aiki, sai ta sa mijinta, wanda yake aiki a masana'antar sukari, ya buga mata bencina da katakon da ya saura daga gyaran akurkin kaji. Mista Fordyce ya rasu, bencinan suna nan. Duk yammaci bayan an tashi daga makaranta, da kuma safiyar Asabar, 'yan ajin ƙarshe masu shirin babbar jarrabawar watan Mayu sukan cika wurin, 'ya'yan manoman shinkafa da na masu yankan rake da na direbobin ƙananan bas masu zuwa babban birni, Georgetown.

Sauran ranaku na nahawu ne da taƙaita rubutu. Asabar ce ta matakala. Za ta kira sunan ɗalibi ɗaya, ya hau ya tsaya a tsakiya, a kan katakon da ƙafafu suka goge har yana sheƙi, sauran suna kallonsa daga ƙasa. Ita kuwa tana zaune a kujerarta, ƙafa ɗaya ta fice daga silifa, jan biro a bayan kunne. Sai ta ɗauko mutum ɗaya daga littattafan adabin shekarar, ta yi tambayar da duk wanda ya bi ta hannunta yake iya maimaitawa ko daga barci aka tashe shi: "Me yake so wanda bai faɗa ba?" In ka amsa, ta ce, "Ina shaidarka?" In ka kawo shafi, ta nemi wani.

Ba ta taɓa kunyata kowa a kan Turancinmu na gida ba, wanda muke faɗa da ciniki da soyayya da shi. Cewa take ka fara faɗin abin da kake nufi da bakin uwarka. In ka faɗa, ta gamsu akwai tunani a ciki, sai ta ce, "To, yanzu sa masa takalmi, birni za shi." Sannan ka sake shi da Turancin takarda. Yara sun sha sauko mata suna kuka, amma ba a cika samun wanda ya hau matakalar sau da yawa ya faɗi jarrabawa ba.

Mutane suna cewa don son yara take yi. Gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Mis Ismay tana jin daɗin shirun da yake sauka idan ta gyara tabarau. Tana jin daɗin in ta shiga coci ranar Lahadi, manyan maza masu tumbi su gyara tsayuwa. A ƙuruciyarta ta sami damar zuwa Ingila, ba ta je ba, kuma kullum cewa take saboda jinyar mahaifiyarta ne. Tsofaffin ƙauyen kuwa sun tuna cewa mahaifiyar ta yi shekaru bayan nan tana daka rogo da hannunta. Mai yiwuwa ta auna ne, ta ga a can za ta zama baƙar mace ɗaya a cikin layin bas, a nan kuwa ita ce Mis. Ba ta yi asara ba. Tana da gidanta, da bishiyar mangwaro, da shinkafa dafa-duka da madarar kwakwa duk Asabar, kuma ba ta taɓa yin kama da mai nadama ba.

A jikin shingenta akwai tsire-tsire a cikin gwangwanayen madara, sun kai daga ƙofa har bakin rafi. Al'ada ce da ba a san wanda ya fara ta ba, duk wanda ya ci jarrabawa yakan kawo mata tsiro kafin ya tafi. Kuma tafiya suke yi. Takardar Turanci mai kyau ita ce mabuɗin New York da Toronto da tsibirai, har ta kai masu gwangwanayen nan da suka rage a ƙauyen ba su cika benci biyu ba.

Wadda ba ta bari ta manta da haka ita ce maƙwabciyarta, Anti Kowsilla, mai soya ƙosai da miyar ɗanyen mangwaro a bakin ƙofar, tana sayar wa 'yan darasi. Tare suka tashi, ɗaya tana zuwa coci ɗaya tana kafa tutocin addu'ar addinin iyayenta a kan gora a tsakar gida, kuma ba ranar da ba sa tsokanar juna. 'Ya'yan Kowsilla uku duk sun hau matakalar, duk suna Kanada.

"Ɓarauniyar 'ya'ya," haka take gaishe ta da safe. "Yau na wa za ki ɗauke?"

"Da ban koya musu ba, da yanzu suna nan suna cinye miki jari," in ji Mis Ismay. "Ki gode mini, maƙwabciya, kuma ki rage barkono."

'Yar Mis Ismay ɗaya tilo, Yonette, ita ma ta tafi Toronto tun 'yarta Onika tana koyon tafiya, ta bar ta wurin kakarta da alkawarin za ta ɗauke ta in ta zauna da gindinta. Zama da gindi ya ɗauki shekaru. Onika ta san uwarta a murya ta waya, da kuma babbar gangar kaya da take isowa gab da Kirsimeti, cike da takalma da man gashi da sabulu mai ƙamshin wata ƙasa. Ta tashi doguwa, mai shiru, mai saurin hannu. A sama tana kiran tsohuwar Kaka, suna faɗa a kan wa ya cinye ƙanzo. Da ta sauko ƙarƙashin gida sai ta koma kiranta Mis kamar kowa.

A shekarar da Onika ta shiga ajin ƙarshe, Yonette ta bugo da magana tsayayyiya. Ta samo mata gurbi a makarantar koyon jinya, sharaɗinsu guda, sakamakon Turanci mai kyau. In ta ci, ta taho. In ta faɗi, sai dai a sake jira. Mis Ismay ta ce wa 'yarta ta kwantar da hankalinta, ai jikar mai matakala ba ta faɗuwa. Duk ƙauyen ma haka suka ɗauka.

Aka fara darasi a watan Satumba. Asabar ta farko, ana gab da kiran suna, Mis Ismay ta tuna babu ƙanƙara, ta aiki Onika shagon Basine. Asabar ta biyu hadari ya haɗu, ta ce ta je ta kwashe shanya. Daga nan sai juya tukunya, sai kai wa fasto mangwaro, sai duba ko kaza ta yi ƙwai a cikin ciyawa. Kowane aike da dalilinsa, ba wanda za a ce na ƙarya ne. Onika kuwa tashi take da sauri, ba ta taɓa cewa "Mis, ni fa?" ba. Rubutunta kuma in ta kai sama, kakar takan duba ta ce ya yi, alhali na sauran yana dawowa ja wur kamar an yanka kaza a kansa. Kirsimeti ta zo ta wuce, kowa a ajin ya hau matakala, wasu har sau uku, ban da ita.

Da za a tambayi Mis Ismay a lokacin, da zuciya ɗaya za ta ce yarinyar ta riga ta iya, gara a ba raunana lokaci. Ba ta taɓa zama ta ƙulla cewa jikarta ta faɗi ba, kuma da wani ya faɗa mata haka da ta kore shi daga gidan. Abin da ta sani kawai shi ne, duk sanda idonta ya kai kan Onika ranar Asabar, sai ta ji wani aiki ya faɗo mata a rai, aikin da ba ya jira. So duk so ne, in ji masu magana, amma son kai ya fi, kuma ya iya shigar burtu.

Kowsilla tana bakin ƙofa tana ganin komai, amma ta daɗe ba ta tanka ba, don ita ma tana da nata rabon a shirun. Onika ce take ɗiga mata maganin ido safe da yamma, ita take karanta mata saƙonnin 'ya'yanta. Sai wata rana, bayan yara sun watse, tana goge kaskonta, ta ce kamar da wasa, ita dai ba ta yi boko ba, amma ta lura ƙanƙarar Asabar ta fi ta sauran ranaku saurin narkewa. Mis Ismay ta ce mai ƙosai ta tsaya a ƙosanta. Ranar ba su yi sallama ba. Asabar ta gaba ta sake aiken yarinyar, wannan karon da murya mai ƙarfi, don a ji daga ƙofa.

Ruwan Janairu ne ya raba gardama. Ya kwana yana zuba, ya wayi gari bai tsaya ba, teku kuma ta cika, ba halin buɗe ƙofar magudana. Ruwa ya rasa inda za shi, ya kwanta a tsakar gidaje. A ƙarƙashin gidan Mis Ismay ruwan ya kai ƙauri, aka ɗora bencina a kan juna. Duk da haka yara suka zo, kamar rabin ajin, takalma a hannu, littattafai a cikin leda a kan kai, don ba a taɓa jin ruwa ya hana darasin Asabar ba. Tunda babu wurin zama a ƙasa, sai suka jeru a kan matakala tun daga inda ruwa ya tsaya har sama, rufin kwano yana kare su. Sabo ya sa kowa ya tsallake katakon tsakiya, ba wanda ya yarda ya zauna a kansa. Mis Ismay ta sa kujerarta a baranda. Kowsilla ma ta hauro da robar ƙosanta ta zauna a gefe, tana cewa ba don darasi ta zo ba, gidanta ne ya zama tafki.

Onika ta fito daga ciki da kofin shayin kakarta, ta miƙa mata, ta duba inda za ta zauna. Wuri ɗaya ne ya rage. Ta bi ta tsakanin gwiwoyi ta sauka, ta zauna a bakinsa kamar mai shirin tashi.

Mis Ismay ta gyara tabarau. "Onika, je ki..."

Sai ta tsaya. Ƙanƙara, a wannan sanyin? Shanya tun jiya aka kwashe. Hanyar shago ta zama rafi. Kaji suna cikin kwali a bayan kujerarta, tana jin motsinsu. Tukunya a kashe take. Yara suka ɗago suna jira, ruwa yana dukan kwano.

"Aike ya ƙare, maƙwabciya?" in ji Kowsilla a hankali, tana juya ƙosai a cikin miya. "Ko in ara miki ɗaya?"

Wasu suka ƙunshe dariya ba su san dalili ba. Mis Ismay ba ta dube ta ba. Ta kalli bayan wuyan jikarta, da kitson da ita kanta ta yi mata daren Alhamis, ta daɗe tana kallo. Sannan ta zare ƙafarta daga silifa.

"Onika Fordyce. Tunda kina kai, miƙe."

A cikin gajerun labaran da aka sa musu a shekarar akwai na wani masunci da ya yi shekaru yana sassaƙa kwalekwale a bayan gidansa, kullum yana gyara, bai taɓa sa shi a ruwa ba. Shi ta ɗauko. Me yake so wanda bai faɗa ba?

Onika ta amsa da Turancin takarda tsaf, cewa mutum ne mai son aikinsa ya fita ba aibi, kuma kwalekwalen alama ce ta burin ɗan Adam. A sama, irin wannan amsa ce take samun "ya yi." A nan kuwa Mis Ismay ta ce wannan daga ɗan littafin taƙaitawa na kasuwa aka kwaso shi, kuma mai duba jarrabawa zai karanta irinsa har ya yi hamma. Ta nemi shaida. Onika ta kawo shafi, Mis Ismay ta ture shi. Ta kawo wani, tsohuwar ta nuna mata cewa shafin kishiyar maganarta yake faɗi. Yaran da suka saba ganin ana tsallake ta suka sunkuyar da kai, don yanzu sun gane ba gata aka yi mata ba.

"Cire masa takalmi," in ji Mis Ismay. "Faɗa mini da bakin gida. Me ya hana shi?"

Ana jin kukan kwaɗi daga bayan shinge. Onika ta ce, ba ta juyo ba, "Tsoro yake ji, Mis. Muddin bai gama ba, ba wanda zai ce masa shiga."

"Ina shaidarki?"

"Duk shekara yana sake fenti, amma ko sau ɗaya bai sassaƙa filafili ba. Wanda yake niyyar tuƙi da shi zai fara." Ta juya shafi. "Kuma matarsa ce take sayo masa fentin. Bai taɓa aikenta ba, ita take kawowa."

Kowsilla ta daina juya ƙosai. Mis Ismay ta ɗauki kofin shayi ta kai bakinta, ba ta sha ba, ta ajiye. Wanda ya san ta zai ga kunnuwanta sun motsa, kamar yadda suke yi in ɗalibi ya kawo abin da ita ba ta gani ba a littafin da ta shekara tana koyarwa.

"Haka ne," ta ce. "Matar ma a tambaye ta." Ta zaro jan biro daga bayan kunne. "To, sa masa takalmi. Shafi biyu, kafin a ɗora tukunya."

Da yamma ruwa ya tsagaita, teku ta janye, aka buɗe magudana, tsakar gida ta fara fitowa da laka. Suna zaune a baranda su biyu suna tsince shinkafa, takardar Onika a gefe, ja daga sama har ƙasa. Yarinyar ce ta fara magana. Ta ce ita ba ta san uwar nan tata ba sai a waya, ba ta san me za su ce wa juna ba in ganga ba ta tsakaninsu, kuma duk ranar da aka aike ta ƙanƙara daɗi take ji. Mis Ismay ba ta ba ta haƙuri ba, ba ta kuma nemi gafara ba, ba halinta ba ne. Ta ci gaba da tsince tsakuwa.

"Zama ko tafiya, wannan naki ne," ta ce. "In kin ce za ki zauna, ni zan tare uwarki. Amma ba za ki zauna a gidan nan don kin kasa ba. Da takarda a hannu za ki zauna."

"Kaka, ke fa da kika ƙi Ingila?"

"Ni na ci jarrabawata tukuna, 'yar nema. Miƙo mini wancan faranti."

Daga ranar har watan Mayu, Onika ta hau matakala fiye da kowa. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi kwana biyu ba ta ce Kaka ba ko a sama. In ana bukatar ƙanƙara, Mis Ismay takan aiki wanda ya riga ya sauko, ko a sha ruwa da ɗuminsa.

Sakamako ya fito a watan Agusta. Ta sami matakin farko a adabi, na biyu a harshe, abin da ya sa kakar ta yi mako tana ƙorafin waƙafi, tana ɓoye murmushi a bayan jarida. Yonette ta so ta taho nan take. Onika da kanta ta karɓi wayar ta ce a nema mata shigar Janairu, sai ta ci naman Kirsimeti na gida, wanda ake dafawa da baƙin ruwan rogo. Suka daɗe suna magana a ranar, ita da uwarta, har aka ji tana dariya. Bayan sabuwar shekara ta tafi.

Ba fure ta bari a gwangwaninta ba. Ɗan ƙaramin barkono ta dasa, irin mai zagaye mai zafin tsiya, ta ajiye shi ba a jikin shinge ba, a gindin matakala.

Mis Ismay tana nan. Satumba ta kawo sababbin yara, ƙannen na da, da tsoronsu sabo fil. Ranar Lahadi bayan coci waya takan yi ƙara, ta ji labarin dusar ƙanƙara da na malaman jinya, da na faɗan da ake yi da Yonette a kan wanke-wanke, wanda ya fi komai kwantar mata da hankali. Maganin idon Kowsilla ya dawo hannunta, safe da yamma, kuma kullum sai an yi rigima.

"Hannunki nauyi, ɓarauniyar 'ya'ya. Har taki kin sace."

"Buɗe idon, maƙwabciya, ki daina ƙiftawa."

In ta gama, takan tsinki barkono biyu daga gindin matakala ta ba ta na miya, ɗaya kuma ta hau da shi sama.